Yadda Ake Gina Ƙauyen Gajerawa da Al'adunsa a Cikin Ƙagaggen Labari

A watannin baya wata 'yar yayata da ke zaune a Aboabo, a nan Kumasi, ta turo mini babi uku na wani labari da take rubutawa a wayarta, wanda ya ginu a kan wata al'umma ta ƙananan mutane manoma, irin waɗanda Turawa suke kira halfling a littattafansu da wasanninsu. Hausarta ta yi kyau, kuma zaren labarin bai tsinke ba, amma ƙauyen da ta zana akwai dusar ƙanƙara a cikinsa, da itatuwan tuffa, da murhun ɗumama ɗaki, da gidan giya a bakin hanya, alhali kakarta tana noman masara da wake a Ejura, kuma ita kanta ta sha yin hutu a can. Na tambaye ta abin da mutanen nan suke ci a watan da rumbu ya ƙare, da kuma wanda yake gadon gona idan mai gida ya rasu. Ta ce, "Kawu, ai haka ake rubuta su." Wannan amsa ce ta sa na zauna na tsara hanyar da nake ganin ta fi dacewa ga duk mai son rubuta irin wannan al'umma da Hausa, ko mai son shirya ta domin wasan labari da abokansa.

Yana da kyau a fara da sanin inda abin ya samo asali. Kalmar halfling tsohuwa ce a harshen mutanen Sikotilan, inda take nufin matashin da bai gama girma ba. Wani farfesa na jami'ar Okusfod, J. R. R. Tolkien, shi ne ya shahara da ƙirƙirar ƙananan manoma masu zama a ramukan tuddai, waɗanda ya kira hobbit, a littafinsa na 1937, sannan wasan labari mai suna Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974 ya ɗauki irin halittar, kuma a 1977 masu wasan suka koma amfani da kalmar halfling saboda rikicin haƙƙin mallaka. Tun daga lokacin siffar ta zauna: mutane ne masu tsayin kusan ƙafa uku, nauyinsu kimanin kilo 18, masu son abinci da zumunta, marasa son yaƙi da doguwar tafiya. Ƙauyen da aka saba ba su kuwa ƙauyen Ingila ne, domin shi ne wanda marubucin farko ya sani tun yana yaro. Shi da nasa ƙauyen ya yi aiki, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a koya daga gare shi.

Aikin farko shi ne suna, kuma ina roƙon marubuci ya yi hattara a nan. Kada ya kira su wadanni, domin wada mutum ne ɗan'uwanmu da muke haɗuwa da shi a masallaci da kasuwa, kuma bai kamata a mayar da halittar jikinsa sunan wata ƙabilar tatsuniya ba. Kada kuma ya gauraya su da aljanu, ko da mmoatia na labaran Asantawa, waɗannan ƙananan halittun daji da ake cewa ƙafafunsu baya suke kallo kuma da fito suke magana. Mutanen da muke ginawa suna noma, suna aure, suna cin bashi, suna tsufa su mutu. Ni na zaɓi in kira su Gajerawa, namiji Bagajere, mace Bagajeriya, bisa tsarin da Hausa take bi wajen raɗa wa al'umma suna. Sai dai a tuna cewa wannan sunan waje ne, kamar yadda kakanninmu fatake suka riƙa kiran mutanen wannan ƙasa Tonawa alhali su Asante suke kiran kansu. Babu al'ummar da take ganin kanta gajeriya. A idonsu tsayinsu shi ne daidai, mu ne Dogaye, masu yawan ci da ƙarar murya da taka shuka. Ka ba su sunan da suke kiran kansu, wanda ya fito daga ƙasa ko sana'a, kamar Mutanen Saiwa, sannan ka bar sunayen biyu su riƙa karo a cikin labarin, domin yadda baƙo ya kira su shi zai nuna ko ya san su ko bai sani ba.

Bayan suna sai jiki, kuma a nan nake son a daɗe, domin daga jiki ne mafi yawan al'adun za su fito. Ka nemi yaro ɗan shekara uku ka tsaya kusa da shi, sa'an nan ka durƙusa a tsakar gida har idonka ya yi daidai da nasa, ka dubi randa da turmi da bakin rijiya da akuyar maƙwabta daga can. Wannan ita ce duniyar Bagajere, sai dai shi baligi ne mai hankali da iyali. Jarkar ruwa rawaya mai lita 20, wadda ake kira galan ɗin Kufuor, ta fi shi nauyi idan ta cika. Buhun koko na manoma mai kilo 64 ya haura nauyin Gajerawa uku. Taɓaryar daka sakwara ta ninka tsayinsa. Saboda haka duk aikin da mutum ɗaya yake yi a wurinmu, a wurinsu na mutum uku ne ko huɗu, ko kuma a raba shi ƙanana a yi ta zirga-zirga. Da zarar ka fahimci wannan, ba sai ka gaya wa mai karatu cewa Gajerawa masu haɗin kai ne ba, domin zai ga cewa wanda ya ɓata da maƙwabtansa ba zai iya kai doyarsa gida ba. Karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a ƙauyensu lissafin yau da gobe ne.

Haka batun yawan cin abincin da aka san su da shi yake da dalili na gaskiya. Ƙaramin jiki yana saurin zubar da zafi, kuma buƙatar abinci ba ta raguwa daidai da raguwar nauyi. Halittar da nauyinta rubu'in namu ne tana buƙatar fiye da sulusin abin da muke ci, ga shi kuma cikinta ƙarami ne. Ke nan Bagajere zai ci kaɗan kaɗan sau da yawa, kuma aikin gona zai riƙa tsayawa domin haka. Ka ba kowane ci sunansa da lokacinsa da wanda yake kawo shi: kunu kafin fita, ƙosai ko gasasshiyar gyaɗa da hantsi a gindin bishiya, tuwo da rana, fura da la'asar, wani abu mai ɗumi kafin barci. Ka yanke hukunci a kan wane ne ake ci a tsaye, wane ne kuma abin kunya ne a ci shi ba tare da an kira na kusa ba. Daga nan gaisuwa ma za ta fito, domin al'ummar da yunwa take saurin kamawa za ta iya mayar da "Ka ci?" gaisuwarta ta farko, kafin a tambayi gida da gajiya.

Tafiya ma haka take. Takunsu rabin namu ne, don haka nisan da fatake suke ci a yini ɗaya kafin su ya da zango, Gajerawa sai sun kwana a hanya. Wannan yana nufin ƙauyukansu za su kasance kusa da juna, kasuwanninsu ƙanana masu ci bi da bi, kuma garin da ke bayan tudu na biyu tamkar wata ƙasa ne. Wanda ya taɓa zuwa birnin Dogaye ya dawo zai zama abin kallo har tsufansa, wasu suna girmama shi, wasu suna zarginsa da rashin natsuwa.

Daga jiki sai ƙasa. Ka zaɓi wuri guda ka tsaya a kansa, ko kurmi irin na kewayen Kumasi mai damina biyu a shekara, ko sarari irin na arewa mai damina ɗaya da dogon rani. Zaɓin nan shi zai yanke irin gidan. Gidan rami a cikin tudu yana da daɗin karantawa, kuma akwai shi a duniya, a Matmata ta Tunisiya da kuma tuddan arewacin Sin, amma duka wuraren nan busassu ne. A ƙasar da take samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara kamar tamu, rami zai cika da ruwa, gara ta cinye dogaran, maciji ya tare a ciki. Idan kurmi ka zaɓa, ka dubi manyan saiwoyin rimi da suke tashi kamar bango, waɗanda tsakaninsu ya isa ɗaki ga mai tsayin ƙafa uku idan aka yaɓe aka yi jinka. Idan sarari ka zaɓa, ka dubi gidajen ƙabilar Kasena na wajen Paga da Tiebele, a iyakar Gana da Burkina Faso, inda ake yin ƙofar ɗaki gajeriya ƙwarai har sai mutum ya sunkuya, da wata 'yar katanga a ciki da sai an tsallaka, domin maharin da ya shigo da kai a duƙe ya riga ya shiga hannun masu gida. Ga Gajerawa irin wannan ƙofa ita ce ganuwarsu, tunda su a miƙe suke shiga, Dogo kuwa sai da rarrafe.

Amfanin gona kuma ka zaɓa da idon mai gajeren hannu. Dawa tana wuce ƙafa goma, girbinta a wurinsu kamar saran itace ne, don haka ko dai ba sa nomanta, ko kuma aikin jarumai ne da ake yi wa kiɗa. Abin da zai fi musu sauƙi shi ne wanda yake ƙasa ko cikin ƙasa: gyaɗa, gujiya, wake, acca, dankali, gwaza, barkono da yakuwa. Doya guda mai girma kayan mutum biyu ce, ana rataya ta a sanda, kuma kyauta ce ta sarauta. Dabbobi ma haka. Gajerun awakin kudancin Gana, waɗanda ba su cika wuce rabin mita ba kuma suke jure cutar da tsando yake kawowa, su ne shanunsu, su ake tatsa, su ake ɗora wa kaya, da su ake biyan sadaki. Zabi suna tsaron gida da kukansu. Gyazbi, wanda ake sayar da namansa a bakin hanyar Akara, a wurinsu babbar dabbar farauta ce da ake fita dominta da karnuka. Ka kuma rubuta abin da suke tsoro, domin tsoro yana haifar da al'ada fiye da kowane abu. Mesa da kura da karen Dogaye duk barazana ne ga baligi, shaho da mikiya kuma ga jariri. Al'ummar da mikiya take iya sure ɗanta ba za ta shimfiɗa jariri a fili ba, za ta yi rumfa a kan kowace hanyar rijiya, kuma uwa za ta koya wa yaro kallon inuwa a ƙasa kafin ya iya magana.

Idan jiki da ƙasa sun zauna, sai a zo ga al'adun kansu, kuma ƙa'idar da nake bi ita ce kowace al'ada ta amsa tambaya uku: wace matsala ta zo warwarewa, wa take amfana, kuma me yake faruwa ga wanda ya karya ta. Al'adar da ba ta amsa waɗannan ba ado ce kawai, mai karatu zai wuce ta bai tuna ba. Misalan da za a koya daga gare su suna kewaye da mu. Asantawa ba sa huɗa ƙasa ranar Alhamis saboda girmama Asase Yaa, uwar ƙasa a addininsu na gargajiya, wanda hakan ya ba ƙasa da manomi ranar hutu tabbatacciya. A tafkin Bosomtwe, tafiyar kilomita talatin da wani abu daga Kumasi, al'ada ta hana ƙarfe taɓa ruwan, shi ya sa masunta suke hawa wani falankin katako da suke kira padua suna tuƙi da hannu. Kalandar gargajiya ta Akan, al'ummar da Asantawa suke cikinta, tana zagayowa kowane kwana 42, kuma a kanta ake yin bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante. Kada ka kwashe waɗannan ka liƙa wa Gajerawa yadda suke, domin na masu su ne kuma suna da nauyi a wurinsu. Abin da za ka ɗauka shi ne yadda hani guda ɗaya yake tsara kayan aiki da ranakun kasuwa da rayuwar gari baki ɗaya.

Bari in nuna da misali daga ƙauyen da na ƙago domin 'yar yayata. Tunda ɗaukar kaya shi ne babbar wahalarsu, na sa gayya ta zama ginshiƙin gari, irin gayyar Hausa da nnoboa ta manoman Akan, amma da lissafi mai tsanani. A ƙofar kowane gida akwai igiya, duk ranar da wani ya yi maka aiki sai a ƙulla ƙulli, ranar da ka rama sai a kwance. Wanda igiyarsa ta yi ƙulli da yawa ba a ba shi mata, kuma wanda ya mutu da ƙulli 'ya'yansa suke kwancewa kafin a raba gado. Daga wannan abu guda na sami zagi, wato a ce wa mutum mai doguwar igiya, na sami yabo, na sami rantsuwa, na kuma sami mugun mutumin da ke cikin labarin, wanda shi ne attajirin da yake aika bayinsa gayya da gangan domin ya cika igiyoyin talakawa da ƙulli har ya karɓe gonakinsu. Ka lura cewa duk wannan daga nauyin buhu ya taso.

Gado kuwa kada ka tsallake shi, domin a ƙauye mafi yawan rigima a kan gona take. Akwai hanyoyi uku da muka sani da idonmu ko a karatu. Akwai rabo tsakanin 'ya'ya, wanda yake yin adalci amma yana tsinka gona ƙanana bayan zuriya biyu ko uku. Akwai tsarin Akan na bin dangin uwa, inda ɗan 'yar'uwa yake gadon kawunsa, wanda ya sa har gwamnatin Gana ta yi dokar gado a 1985 domin kare matar mamaci da 'ya'yansa. Akwai kuma tsohon tsarin Ingila inda babban ɗa yake ɗauke ƙasar duka. Kowanne ka zaɓa zai haifar da wanda ya rasa, kuma wanda ya rasa shi ne yakan bar gari, shi ne kuma galibi jarumin labarinka. Haka nan ka tanadi matsayin wanda ba shi da gona, ko yana aiki a gandun babban gida da 'yar gayaunarsa a gefe, ko yana noma a raba uku ya ɗauki kashi ɗaya kamar tsarin abusa na gonakin koko.

Sarauta ba ta buƙatar dogon bayani. Al'ummar da ba ta da runduna ba ta buƙatar babban sarki, sarautun sana'a sun ishe ta: Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, Sarkin Zuma, da wata dattijuwa mai riƙe da irin shuka na gari. A ƙasar Hausa an san manomin da ya tara dami dubu da cancantar sarautar noma, don haka ka sa wa naka ma'aunin da ya dace da ƙarfinsu. Wanda ya fi muhimmanci ga labari shi ne mai hulɗa da Dogaye, kwatankwacin mai gidan fatake na zangunanmu, wanda yake saukar da baƙo, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa a ciniki. Shi ne yake kai zuma da man gyaɗa ga sarkin Dogaye kowace shekara domin a bar su lafiya, kuma shi ne mutumin da kowa yake buƙata amma ba kowa ya yarda da shi ba.

Tunda ba su iya faɗa da ƙarfi, ka ba su hanyoyin kashe rigima da baki. Wasan barkwanci tsakanin al'ummu, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Frafra da Dagaaba a nan Gana, kayan aiki ne mai kyau, domin yana ba mutum damar faɗar gaskiya mai ɗaci ba tare da an zare wuƙa ba. Ka haɗa kowane gida da wani gidan da yake abokin wasansa, ka sa su ne kaɗai suke da ikon shiga tsakani idan an yi faɗa, su ne kuma masu haƙa kabarin juna. Hukunci mafi tsanani shi ne ƙauracewa: ba a zuwa gayyarka, ba a cin abincin sunan ɗanka. Idan kuma mahara suka zo duk da haka, makamansu majajjawa ne da tarko da shingen ƙaya da amyar ƙudan zuma da aka rataya a kan hanyar shiga gari.

Sunayen mutane kuma ka ɗebo daga tsarin da muke da shi. Hausa tana da Ladi da Talatu da Ɗanjuma na rana, da Tanko wanda ya biyo mata, da Kande wadda ta biyo maza, da Gambo mai bin tagwaye, da Nomau na lokacin noma, kamar yadda maƙwabtanmu suke da Kofi da Kwame da Yaa. Gajerawa za su iya raɗa suna da amfanin da yake gona ranar haihuwa, ta yadda jin sunan mutum zai gaya maka ko a wadata aka haife shi ko a yunwa. Ka ƙara da alkunya guda ɗaya mai ƙarfi, kamar yadda uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, domin ranar da uwa ta karya wannan ta kira sunan a gaban jama'a, mai karatu zai san cewa abu ya kai maƙura ba tare da ka yi masa bayani ba.

Akwai kuskuren da na fi gani a irin waɗannan labarai, wato mayar da ƙauyen aljannar duniya inda kowa yake dariya da cikakken ciki. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san watannin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, lokacin da ake rage tuwo, ake cin ganye, ake jinginar da akuya. Ya san tsegumi, da yadda gari ƙarami yake danne mai tunani dabam, da yarinyar da aka yi wa miji saboda iyakar gona. Mutanen da yunwa take saurin kamawa za su ji wannan lokaci fiye da mu, don haka bikin girbinsu, kwatankwacin kalankuwa, zai yi armashi ne gwargwadon wuyar da aka sha kafinsa. Ka rubuta watan yunwa kafin ka rubuta biki. Ina ganin rashin wannan raini ne ga manoma na gaskiya, waɗanda kirarin sana'arsu shi ne na duƙe tsohon ciniki.

Idan ka gama tara waɗannan, kada ka zuba su a babin farko kamar darasin makaranta. Ka gwada su da fage guda ɗaya: Dogo baƙo ya iso da magariba, ruwa yana shirin sauka. Ba zai iya shiga zaure ba, to ina za a sauke shi? Wataƙila gari yana da rumfa guda mai tsayi a wajen shinge da aka gina domin haka, da wata babbar ƙwarya da ake ajiyewa a gidan mai hulɗa da Dogaye. Cinsa na dare ɗaya abincin mutum uku ne, to gidaje nawa za su haɗa, kuma ƙullin wa za a ƙulla? Wa zai fara gaishe shi, kuma a tsaye ko sai ya zauna a ƙasa tukuna domin idanu su daidaita? Idan tsarin da ka gina ya amsa waɗannan da kansa, ya yi ƙarfi. Idan ka tsinci kanka kana ƙirƙirar sabuwar al'ada domin kowace tambaya, sai ka koma ga jiki da ƙasa ka sake lissafi.

Mataki na ƙarshe shi ne ka karanta abin da ka rubuta da babbar murya ga wani dattijon da ya yi noma da hannunsa, ka riƙe alƙalami kana lura da inda zai tsayar da kai. 'Yar yayata ta yi haka da kakarta lokacin da ta je Ejura da sabon babinta. Tsohuwar ta saurari batun igiya da ƙulli da mikiya ba ta ce komai ba, amma da aka zo inda Bagajeriya ta zuba waken girbi a tulu ta rufe har rani, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, jikata. Waken da ba a gauraya da toka ba, kafin wata uku ƙwari sun mayar da shi gari." Yarinyar ta gyara wurin, ta kuma ƙara wa gidan wata tukunya a bayan murhu inda ake tara tokar shekara, wadda amarya take tahowa da ita daga gidan uwarta ranar tarewa.